Fitilar Zenon a Tudun St. George

Fitilar mota ta zenon, wadda ke samar da farin haske daga tartsatsin lantarki cikin iskar gas, ta fara bayyana a motar BMW a 1991, kuma a unguwar St. George ta New York, inda tituna ke gangarowa zuwa tashar jirgin fiton tsibirin Staten, takan haska wa mai ita hanya, ta makantar da na gabansa kyauta. Dokar jihar New York ta wajabta rage babbar fitila idan mota mai tahowa ta kusanto ƙafa 500, sai dai wanda aka kashe wa ido yakan ƙyafta tasa don gargaɗi, ɗayan kuwa ya kunna babbar domin ya nuna masa cewa ƙaramar ce dama. Ta haka makaho ɗaya ke zama biyu.