Yadda aka kai injin wuta Kajaki

A ƙa'idar manyan ƙasashe, idan za a gyara ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, hukumomi uku ake turawa. Soja ya tsare hanya, jami'in diflomasiyya ya zauna da masu gari, ma'aikacin agaji ya kawo asibiti da wutar lantarki. Kowanne da ofishinsa da kasafinsa da maigidan da yake kai wa rahoto. Aikin kuwa guda ne.

Ga yadda abin ya kasance a madatsar ruwa ta Kajaki, a lardin Helmand na Afganistan. Amurkawa ne suka gina ta a farkon shekarun 1950, suka sa mata injin samar da wuta guda biyu a 1975, suka bar gurbin na uku. Bayan 2001 hukumar agajin Amurka, USAID, ta ɗauki nauyin cike gurbin.

A ƙarshen Agusta 2008 dubban sojoji, Birtaniya a gaba, suka ɗauko inji na ukun daga Kandahar. Nauyinsa ya haura tan 200, don haka gunduwa-gunduwa aka loda shi. Motoci kusan 100 suka ratsa hamada ta ɓoyayyiyar hanya don kauce wa bama-baman da aka binne, jirage na shawagi a sama. Injin ya isa lafiya. Soja ya rubuta cewa ya gama nasa, kuma gaskiya ya faɗa.

Sai dai ba a kafa inji sai da siminti mai yawa, siminti kuma ta hanya yake zuwa, hanyar kuwa tana hannun Taliban, domin an buɗe ta ne don injin kawai. Kamfanin ƙasar Sin da aka ba kwangila ya kwashe ma'aikatansa. Hannu da yawa sun ɗauki jinka, suka iske ba a tayar da bangon ɗakin ba.

Gunduwoyin injin suka zauna a harabar madatsar, a akwatuna da ƙarƙashin tamfol. A wancan lokacin rundunar Birtaniya a Helmand duk wata shida ake sauya ta, jami'an farar hula ma yawanci shekara guda suke yi su tafi. Duk wanda ya zo sai a zagaya da shi ya ga akwatunan, ya kira taron haɗin gwiwa. Wannan ne wurin da ke ci mini rai, domin a duk tsawon lokacin mutanen Kandahar da Lashkar Gah suna fama da ɗaukewar wuta, masu ƙananan masana'antu suna ƙona dizal.

Sai a 2016 injin ya fara juyawa, shekara takwas bayan isowarsa. A lokacin, wayoyin da ke ɗauke da wutar ta yankunan Taliban suke bi, kuma a can su ne suke karɓar kuɗin wuta daga hannun jama'a.