Ranar da Goggo Ta Dafa Mini Kofi

Allah ya jarabce ni da son gahawa, sannan ya haɗa mini da mantuwa. In haɗa ta da asuba, in kurɓa ta ƙona mini harshe, in ture gefe ta sha iska. Kafin in amsa saƙo biyu a waya ta koma ruwan randa. A watan Janairu kuwa, idan hunturu ya buɗe a Kano, tsakanin "wayyo harshena" da "wa ya sa mini ƙanƙara" bai fi minti goma ba, kuma a cikin goman nan ne kullum wani zai yi sallama da ni a ƙofar gida.

Da can da tafasarta nake ɗurawa. Sai na ji cewa tun 2016 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗi cewa abin sha da ya haura digiri 65 yana iya jawo dajin maƙoshi. Tsoro ya kama ni, na shiga neman na'urar da za ta tsare mini zafi daidai baki.

Na fara da wani ɗan faifai da na saya a kasuwar waya, wanda ake jonawa a jikin kwamfuta a ɗora kofi. Mai shagon ya rantse har tuwo zai ɗumama. Daga baya na gane kafar USB irin tawa wat biyu da rabi kacal take bayarwa, alhali butar lantarki tana jan kusan dubu biyu. Kaza mai kwanci ta fi shi himma.

Sai fulas. Nan kam babu ha'inci, don tun 1892 wani Bature ɗan Sikotilan, James Dewar, ya gano dabarar: bango biyu, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu, zafi ya rasa hanyar fita. Laifin fulas ɗaya ne, bai san ya isa ba. Na zuba da bakwai na safe, na kafa kai da azahar a gaban oga ana tsakiyar taro. Tofarwa ba hali. Na haɗiye, hawaye na zuba, oga ya ɗauka maganar rage ma'aikata ce ta taɓa ni, har ya dafa kafaɗata. Ana haka maƙwabciyarmu ta haihu, uwargida ta ara mata fulas ɗin ba da sanina ba. Sati biyu ina shan gahawa mai ɗanɗanon kunun kanwa, ina gumi kamar mai jego.

Da ɗan wana da ke Amurka ya ji labari, sai ya aiko mini da kofi mai batir a gindi, wanda ake saita zafinsa da manhajar waya. Ina buɗe manhajar na ga 135. Na ce la ilaha, yaron nan gadona yake so! Na kira shi, ashe can tsakar dare ne.

"Baffa," in ji shi cikin magagin barci, "ma'aunin Faranhait ne. Digiri 57 ke nan a namu. Don Allah ka bar ni in kwanta."

Gaskiya kwana huɗu na ji daɗin duniya. Kowace kurɓa kamar ta farko. Amma batirin awa ɗaya da rabi yake yi, sai a mai da shi kan faifan cajinsa, wuta kuma ta tafi ba sallama. Haka na tsinci kaina, da furfurata, a layin mai caji, waya a hannun dama, kofi a hagu. Yaron ya juya shi, ya leƙa ciki, ya ce, "Alhaji, shi ma kira ake da shi?" Ya manna masa lamba 14, ya jera shi tsakanin wayoyin 'yan acaɓa, ya ce kuɗin fawabank zan biya.

A satin ne Goggo ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Ranar Asabar ta same ni a tsakar gida ina harar kofi, batir ya mutu, gahawa ta yi sanyi. Aka yi sallama, na fita. Ina tsaye ana ba ni katin ɗaurin aure sai na ji ƙaurin roba, sannan wani abu ya ce fas! Kaji suka watse.

Na tarar da Goggo ta ja baya da mafici a hannu, kofina yana zaune daram a kan garwashin kurfoti, gindinsa na tsiyaya, hayaƙi kore-kore na tashi.

"Goggo, me ke nan?"

"Ɗumama maka na yi, ɗan nan. Amma kwanon Turawan nan ba shi da ƙwari. Kofin silbata tun auren uwarka nake ɗora shi a wuta, bai taɓa yi mini tsawa ba."

Ban iya faɗa mata kuɗinsa ba, ga ta da hawan jini. Ta sa aka tafasa wata gahawar, ta karɓi kofi biyu, ta ɗaga hannu sama tana sheƙawa daga wannan zuwa wancan kamar mai shayin tasha, ta ɗiga a bayan hannunta, ta miƙo mini. Na kurɓa. Wallahi ko manhaja albarka.

Na kai kofin baki karo na biyu ke nan, sai na ji daga waje: "Salamu alaikum, wai maigidan yana ciki?"