Ƙiyasin Malam da Rolar Mai Fenti

A hunturun da muka ƙudura aurar da ’yarmu ta fari, uwargida ta yanke hukunci cewa zauren gidanmu, wanda hayaƙin fitila da tawadar almajirai suka mayar da shi abin kunya, ba zai karɓi surukai ba sai an yi masa fenti. Mai fentin da muka ɗauko, saurayi mai ladabi, ya kankare bango, ya shafa farin fentin shimfiɗa da sauran fenti ke kamawa a kansa, sa'an nan, da yake ranar Juma'a ce kuma ladan ya yi kira, ya miƙo mini rolarsa ya ce, “Allah gafarta Malam, a taimaka a sa yara su wanke kafin ta bushe.”

To, ni da na karantar da babin tsarki a Ahalari da Risala shekaru masu yawa, ban ga dalilin wakilta yaro a mas'alar wanki ba, domin malamai sun yi ittifaƙi cewa ruwa mutlaƙ mai tsarki ne mai tsarkakewa, kuma bisa ƙiyasi abin da ya gusar da najasa ba zai gaza a kan fenti ba. Na tsoma rola a bahon wankin uwargida, na murza da ikhlasi. Abin da littattafan ba su ambata ba, kuma ba laifina ba ne da ba su ambata ba, shi ne fenti iri biyu ne: na ruwa, wanda sabulu da ruwan ɗumi ke fitarwa, da na mai, wanda ba ya sauraron kowa sai kananzir ko tina. Namu na mai ne. Ya bar rola ya kama hannuwana, daga hannuwa ya hau buta, daga buta, lokacin da na tsaya tunani na shafa gemu kamar yadda na saba, ya sami masauki.

Da maƙwabci ya leƙo ya ambaci kananzir, na tsiyaye na rishon uwargida kaf, lamarin da ya jinkirta tuwon dare ya kuma jawo mini wa'azin da ban taɓa jin irinsa daga mumbari ba. Rolar kuwa na kwantar da ita a tsakar gida ta sha iska.

Washegari mai fenti ya ɗaga ta, gefe guda ya shafe ya ƙandare, ɗayan ya tara yashi da gashin kaza, ya yi salati. Ya ce ana fara kankare ragowar fenti da wuƙa, a wanke, a rataye ta ko a tsayar da ita don kada gashinta ya kwanta. In kuwa gobe za a ci gaba da aiki, a naɗe ta cikin leda kawai, iska ba ta shiga. Na ce masa wannan ra'ayi ne mai ƙarfi, na biya kuɗin sabuwa.

A masallaci kuwa, bayan Asuba, liman ya riƙe hannuna, ya dubi gemuna da tausayi, ya ce aurar da ’ya ba ƙaramin abu ba ne, dubi yadda furfura ta rufe Malam a dare ɗaya. Jama'a suka yi mini addu'a, na amsa da amin.