Yadda Ake Zaman Haya a Kance Ba Tare da Hawan Jini Ba

Duk wanda aiki ya jefo shi Kance, malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti, ya riga ya san dillali da la'adarsa. Mu tsallake wannan, mu fara daga ranar da aka miƙo maka makulli.

Na ɗaya, ɗaga kanka sama. Kowa ƙasa yake dubawa, ya ga an share daɓe, ya ce madalla. Kai rufi za ka duba. In ka shiga ɗaki da rana tsaka ka ga haske na leƙo ka ta kwano kamar taurari, ƙidaya su a gaban mai gida, domin kowane tauraro bokiti ɗaya ne a watan Agusta. Nawa bakwai ne. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi bana, a tsaye muka kwana ni da iyali, littattafan ɗalibai a buhu bisa kujera. Gari na wayewa na tafi wurin mai gidan. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, ai ruwa rahama ne." Na ce, "Haka ne, Alhaji, amma a gona." To ka sani, rufin da ke yoyo, bangon da ya tsage da azarar da gara ta cinye, duk gyaran mai gida ne. Naka ƙananan ne, irin su kwaɗo, ƙwan fitila da kan famfo. Nijar tana da dokar haya tun 1996, ba jiya aka fara maganar ba.

Na biyu, takarda. Nan ne kunya take cin mu da rai. Da ka ce a rubuta yarjejeniya, sai Alhaji ya dafe ƙirji: "Haba Malam, ni da kai har sai da takarda? Ai kai ɗana ne." Lallai kai ɗansa ne, har ranar da wani ya zo da ƙarin jika biyar. Kada ka yi musu da dattijo. Cikin ladabi ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta kuɗin wata, da ranar biya, da kuɗin ajiyar da ka bayar, da halin da ka tarar da ɗakin, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin ajiyar da ba a rubuta ba, ranar tashinka za ka ji cewa kai ne ka tsufar da bango.

Na uku, mitar wuta ɗaya a gidan mutum biyar. Ɗan'uwa, wannan ita ce fitinar da ta hana ni barci fiye da yoyo. Ni ƙwai biyu gare ni da fanka guda. Maƙwabcina firiji biyu gare shi, yana sayar da ƙanƙara da zoɓo, dare da rana suna gurnani. Takardar wuta ta zo, sai a ce a raba daidai, "don zaman lafiya". Wane irin zaman lafiya ne ni in sayi ƙanƙara a hannunsa, kuma in biya wutar da ta daskarar da ita? Da azumi kuwa ba a magana. Ka yi ƙorafi, a ce Malam ya cika lissafi. To lissafi nake koyarwa! A zauna tun ranar farko a ƙidaya kayan wutar kowa, a raba bisa haka.

Na huɗu, awakin mai gida da ke kwana a ƙofar ɗakinka. Wannan ba ni da shawara a kansa.

Sai salga in ta cika, sai indararo, sai... bar ƙirgan nan, ga babbar. Wata safiya za a yi maka sallama, a gaisa har a tambayi yara, sannan a ce, "Yaron nan zai yi aure, muna son ɗakin ƙarshen wata." Allah ya sanya alheri, amma auren ɗansa ba ya soke haƙƙinka. Sai an ba ka wa'adi. Ba shi da ikon watso maka kaya waje, ko cire ƙofa, ko sa wa ɗakin wani kwaɗo kana wurin aiki. Fitar da ɗan haya da ƙarfi hukuncin kotu yake bukata. Ka fara da mai unguwa, in ta ƙi a je fada, in ta ƙi nan ma akwai kotu a Matameye. A duk wuraren nan uku tambayar farko ɗaya ce: ina takardarka?

Mu ma 'yan haya da namu. A Daura, tsallaken iyaka, kuɗin shekara ake karɓa dunƙule. Mu nan wata-wata muke biya, amma sai ka ga mutum ya tara wata uku ya sulale da dare a amalanke. Shi ne yake ja wa na bayansa tsanani. Ka biya kan lokaci, in albashi ya makara ka je da ƙafarka ka faɗa.

Kafin ka miƙa kuɗin watan nan, sayi ƙaramin littafi a kanti, ka rubuta wata da adadi, ka miƙa wa Alhaji biro ya sa hannu.