Wa Ya Kashe Macijin?

A Daura duk yaron da ya isa aike ya san labarin rijiyar Kusugu. Baƙo ya sauka da dare, ya sare kan macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya koma masauki ya yi kwanciyarsa. Gari na wayewa sai jarumai suka yi yawa, kowa na bugun ƙirji shi ne. Da aka ce to a fito da kan, sai aka shiga sosa ƙeya. Ni dai ban fahimci wannan labari sosai ba sai shekarar da aka ɗora mini riƙon littafin ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu, ba don na iya komai ba, sai don an ga kullum da biro a aljihuna, kuma gudu ba nawa ba ne.

Kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen canke. Daura ta cika da manyan makarantu yanzu: ga kwalejin da ke ɗauke da sunan marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 2019, ga jami'ar sufuri. Tamu ba ta cikinsu. Ƙarama ce, irin wadda ko ɗan acaɓa sai an yi masa kwatance sau biyu. Kakarmu ta fara da shigowar hunturu ta ƙare gab da azumi, kuma abin da na gano a tsakani shi ne, mutum goma sha ɗayan da ke cikin fili su ne mafi ƙarancin aiki a harkar.

Na farko Koci. Ba wanda ya san ranar da aka naɗa shi, an dai wayi gari an gan shi da usur a wuya, kuma tun daga ranar bai cire ba. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa ta'aziyya, a ƙarƙashin riga. Ranar atisaye sai ya tara yara, ya tsuguna, ya ɗauki kara yana zana tsari a kan yashi: huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba, yana ambaton Guardiola kamar tare suka yi makarantar allo. Kafin ya kai ga 'yan gaba iskar hunturu ta share 'yan baya. Ranar wasa kuwa duk ilmin nan yakan narke ya koma kalma uku, waɗanda yake kwararawa tun daga busan farko har na ƙarshe: "Ku fitar da ita!" In an ci mu, ba a bi tsarinsa ba. In mun yi canjaras, an bi rabi.

A gefensa, kan wani tsohon bulo, akwai Baba Saura Ƙiris. Kowane fili a ƙasar Hausa yana da nasa. Shi namu cewa yake saura ƙiris Raccah Rovers ta Kano ta ɗauke shi a 1978, shekarar da ta lashe gasar ƙasa, sai gwiwa ta yi masa tsiya. Wannan gwiwa abin al'ajabi ce. Ranar Asabar ta dama yake dafawa, ranar Talata ta hagu. Bai yarda akwai ɗan ƙwallo a duniya ba tun da aka daina dukan ƙwallon fata mai igiya, wadda in ta sha ruwa ka sa mata kai sai ka ga taurari da rana tsaka. Yaran suna ce masa Baba, suna ba shi rake, shi kuma yana saka musu da gaya musu cewa iyayensu ma ba su iya ba.

Kyaftin ɗinmu shekararsa goma sha tara. Shekararsa goma sha tara lokacin da na fara aiki a kwalejin, kuma da na bari ma haka na bar shi. Akwai kwas ɗaya da ya ƙi ci, ko kwas ɗin ya ƙi shi, kuma akwai masu cewa Koci ne ke roƙon malamin kada ya sake shi. Da asubar ranar wasa yake zuwa wajen wanzami a kwashe gemun tas. A 2009, da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasu wasannin a Kano, FIFA ta shigo da na'urar duba ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara. Mu ba mu buƙaci na'ura ba. Ana tsakiyar wasa wani yaro mai tallan gyaɗa ya ratso layi yana kira, "Baba, Inna ta ce ka taho da kalanzir!" Kyaftin ya yi kamar bai ji ba, amma duk filin ya ga ya gyaɗa kai.

Sai sojan haya. Wannan ba a ganinsa sai wasa ya yi tsanani. Bakanike ne a hanyar Kwangwalam, ƙafarsa kamar taɓarya, katin shaidar da ke wuyansa kuwa hoton wani siririn yaro ne mai tabarau. Ranar da abokan karawa suka yi ƙorafi, jami'in gasa ya kira shi gefe ya ce, "Samari, wane sashe kake karatu?" Ya dubi Koci, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, lamba tara." Abin da ya cece mu shi ne su ma ɗaya ɓangaren golansu mahauci ne, kowa ya san teburinsa. Aka yi musabaha aka ci gaba da wasa.

Akwai kuma Messi. Ba sunan yanka ba ne, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur. But ɗinsa kala biyu, askinsa sabo kowane mako. In ƙwallo ta shiga ƙafarsa sai dai a yi mata addu'a, don ba za ta sake ganin ɗan'uwa ba. Zai yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya dawo ya sake yanke na farkon don bai ji tafi sosai ba. In ɗalibai mata sun tsaya ta gabas, to ranar ta gabas zai buga, ko da Koci ta yamma ya sa shi. Ya sha gaya mini cewa Ahmed Musa ma daga irin wannan fili ya taso. Na ce haka ne, amma shi ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya ƙara wa Aisland biyu a 2018, kai fa? Ya ce, "Malam, ai shi ana ba shi fas."

Golanmu mutum ne mai imani da cewa ba a taɓa cin sa ba, sai dai a ci 'yan bayansa. Ƙwallo na shiga zai fito da hannuwa a buɗe yana neman wanda zai yi wa tsawa. Shi ne kuma babban almajirin malamin ƙungiya, malamin da ya fi kowa cin albashi a cikinmu, alhali ko sau ɗaya bai taka filin ba. Daren wasa ake kai masa goro da abin sadaka, ya ba da rubutu a jarka a sha a shafa, da 'yar laya da za a tura gindin turken raga. Kullum kuma da sharaɗi: kada a shiga ta ƙofa, a haura katanga, kada kowa ya waiwaya, kada a amsa sallamar mace. Na ga ƙarti goma sha takwas suna haura katangar makarantar da ƙofarta ke buɗe wangale, mai gadi na zaune yana kallonsu yana cin goro. Da aka lallasa mu uku da nema muka koma masa, bai ko ɗago kai daga allonsa ba, ya ce, "Wani ya waiwaya." Gaskiyarsa kuwa. Gola ya waiwaya har sau uku, don ɗauko ƙwallo daga raga.

Masu sharhi ba su da iyaka, amma shugabansu shi ne wanda ya yi digirinsa a gidan kallo. Bai taɓa buga ko ƙwallon tsumma ba, amma ya san albashin kowane ɗan wasan Real Madrid, kuma in Arsenal ta sha kashi ba ya cin tuwon dare. Yana tsaye a filin da aka ja layinsa da toka, awaki na ratsawa, yana ihun a je a duba na'ura. Rafali kuwa, Allah sarki, ba shi da dangi. In ya busa mana, su ce mun saye shi. In ya busa musu, mu ce surukinsu ne. Shi ya sa gogaggen rafali tun kafin wasa yake juya kan babur ɗinsa ya fuskanci hanyar fita. Duk wanda ya ba wa jan kati kuma, har gobe sunansa Sani Kaita, saboda jan katin da aka ba Kaita a wasa da Girka a Afirka ta Kudu a 2010.

Babban baƙo sau ɗaya ya zo, ranar buɗe gasa. An ce ƙarfe huɗu, ya iso gab da kiran magariba, da motoci uku da maroƙi. Ya ba mu jesi masu ɗauke da hotonsa, fuskar ta fi lambar girma. Aka ajiye masa ƙwallo ya buɗe wasa, ya tattare babbar riga, ya ja da baya, ya sheƙo. Takalminsa ya tafi kamu goma, ƙwallon tana nan inda take. Aka yi tafi, maroƙi ya ce ko a Turai sai haka. Ya yi alkawarin bas. Da bas ɗin alkawarin nan muka je Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, wato a bayan a-kori-kura, muna riƙe da juna.

Mai sito shi ne macijin Kusugu na gaskiya. Ƙwallo sabuwa guda biyu ce da mu, kuma ba ta fitowa sai ranar da ya ga dama. But ɗin aro kuwa sai ka sa hannu a wuri uku.

Na bar Ɗan Benci a ƙarshe don shi kowa ke bari a ƙarshe. Yaro ne shiru-shiru daga wani ƙauye ta wajen Baure, shi ke fara zuwa atisaye, shi ke ɗaura raga, shi ke ɗauko bokitin ruwan leda da man zafi. Kowane wasa, in an dawo hutun rabin lokaci, Koci zai ce masa, "Tashi ka ɗumama jiki." Sai ya tashi ya yi ta sassarfa a bakin layi, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har a tashi. Na lissafa a raina, in aka haɗa gudun da ya yi a kakar nan ya isa Katsina ya wuce. Bai taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ana rubuta sunan wanda bai shiga ba?" Na ce ana rubutawa. Ya ce to madalla.

Wasanmu na ƙarshe a gida muka yi shi, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin ragar can. Saura minti biyar, babu ci, sojan haya ya taka rami ya gurɗe, biyu sun tafi jana'iza, benci ba kowa sai shi. Koci ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "To, shiga." Aka samu kwana. Ƙwallo ta taso, aka yi cincirindo a bakin raga, ƙura ta haɗiye kowa, sai kawai muka ji ihu. Ɗaya da nema. Nasararmu ke nan ta kakar gaba ɗaya.

Kafin in buɗe littafi an kewaye ni. Messi ya ce da dunduniya ya taɓa ta, in ban gani ba laifin idona ne. Kyaftin ya ce kansa ne, ya nuna goshi. Koci ya ce wannan kwanar shi ya zana ta a yashi ranar Laraba. Gola ya ce tun daga bayan fili ya tofa abin da malam ya ba shi. Baba Saura Ƙiris ya ce ba ci ba ne, a zamaninsu kunya ma za a ji a ƙirga irinsa. Da dare yaron babban baƙo ya bugo waya, wai Onarabul ya ce a rubuta cewa jesinsa ne suka kawo sa'a.

Washegari da safe na je kwance raga, don wanda ya saba kwancewa bai zo ba. A cikinta, can ƙurya, na tarar da but ƙafa ɗaya, ta dama, lamba arba'in da huɗu, da tambarin sito a dunduniya. Na san wanda aka ba wa, don ni na sa hannu a matsayin shaida: ƙafarsa arba'in ce, ya cusa takarda a gaba. Ashe da ya kai duka, but da ƙwallo tare suka shige. A wata ruwayar ai an ce shi ma baƙon Kusugu takalmi ya bari a bakin rijiya.

Na same shi a bayan aji yana wanke bokiti, ƙafa ɗaya a kumbure. Na ce, "Kai ne ka ci, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Malam, don Allah rufa mini asiri. Mai sito ya ce in ban kawo ɗaya ƙafar ba yau, ba zai sa mini hannu a takardar jarrabawa ba."