Yaro Ya Ci Bak, Wai Rawa Zai Karanta

A Maraɗi, ranar da yaro ya ci jarrabawar bak, gida yakan cika da ƴan barka, a ɗora shayi, kowa ya zaɓa masa sana'a ba tare da an tambaye shi ba. Inna likita take so, saboda ciwon gwiwarta. Baffa ya fi son aikin duwan, tunda iyakar Ɗan Isa ba ta da nisa kuma yana da kaya a hanya. To, a bar yaron ya yi gyaran murya ya ce shi wasan kwaikwayo da rawa zai karanta a jami'a. Nan take salati zai tashi, maƙwabta su leƙo ta katanga suna tambayar wa ya rasu.

"Me ka ce, ɗan nan?"

"Tiyatir, Baba."

"Shekara 13 ina biyan lakkol, ashe ɗan kama nake kiwo a gidana!"

Daga nan Alhaji zai tuɓe hula ya jefar, ya dafe ƙirji, ya nemi ruwa, ya rantse ba zai ƙara cin tuwon gidan ba. Bayan isha'i za a shigar masa da tuwon ta ƙofar baya, kwano ya fito tas. Da yaron yana da wayo, da ya ɗauki biro ya rubuta, domin darasin farko ke nan, kuma kyauta.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke cikin gari ta fi ƙarfi a aikin gona, kimiyya da likitanci. Mai neman kwalin wasa sai ya hau mota ya ci kimanin kilomita 660 zuwa Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni take da sashen fasaha da al'adu, ko kuma ya bi ta Jibiya da Katsina ya sauka Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello tun 1975 ake koyar da wasan kwaikwayo, a wani dandali da aka gina da jar ƙasa kamar zauren Bahaushe, kuma ɗalibanta sun riƙa shiga ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan taki da bashi. Can akwai farfesoshin abin, masu mota da albashi. Idan aka faɗa wa Alhaji haka, sai ya ce ai Najeriya babu abin da babu.

Abin da Alhaji ba ya so a tono shi ne zamanin mulkin Kunce. A lokacin ƙungiyar matasa ta Samariya, da aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, kowace jiha tana aika ƴan wasa da ƴan rawa su yi gasa, kuma akwai dattawa da yawa a sahun gaba na masallatan Maraɗi yau waɗanda ƙafarsu ta san ƙurar wancan fage. Yazi Dogo, wanda ya sa Nijar dariya a talabijin shekara da shekaru, malamin makaranta ne. Alhaji yana iya kwaikwayon muryarsa har jikoki su faɗi ƙasa. A ce masa to ga ɗanka zai gaji Yazi Dogo, sai fuska ta murtuke: "Su ai faɗakarwa suke yi."

Haka ma a filin kokowa mai sunan Kantu, wanda ya ci takobin farko a Tawa a 1975. Kafin a kama, ɗan kokowa sai ya taka rawa, ya yi kirari, ya zagaya fili yana karkaɗa layu, Alhaji na tsaye yana liƙa masa jaka-jaka a goshi. Wannan ba rawa ba ce, in ji shi, motsa jini ne. Matan gidan kuwa sun haddace finafinan Kano tun daga zamanin marigayi Ibro, sun san wace jaruma ta yi aure, wace ta fito. Su ne kuma suka fi kowa kuka ranar da yaron ya furta.

Mai wannan shafi yana ganin tsoron gasa ne kawai. Garin da mai sayen atamfa take juya baya a babbar kasuwa, ta yi taku uku daidai, tana jiran a ce "dawo, Hajiya", mai shago kuma ya rantse ko dala bai ci ba. Garin da ake aika ƙaramin yaro ya ce wa mai bin bashi "Baba ba ya nan" alhali takalman Baba suna bakin zaure, irin wannan gari bai ga dalilin da zai sa a biya kuɗin mota zuwa Yamai don a koyo abin da kowa ya tashi da shi ba.

Baƙi dai sun ga dalili. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta zauna a wannan kwari na Maraɗi da Tibiri, inda Iya da Inna suke riƙe da sarautar bori, ta kalli rawar da kiɗan goge, ta fitar da littafi a Faransa a 1972. Janet Beik daga Amurka ta bi ƴan wasan Hausa na Nijar, nata littafin ya fito a 1987. Su an kira su masana. Ɗan gida da ya ce zai yi nazarin abin nan dai, tofi aka nemo masa.

Sulhu yakan zo ne daga wajen Jiratawa. Yaro ya dawo da kwali, sai wani poroje ya ɗauke shi ya shirya wasa a kan gidan sauro da auren wuri, a gaban manoman zogale da tattasai. Su ma manoman ba baya ba ne: da an hango farar mota, sai a ɓoye babur a sako tsohuwar riga. Kowa ya yi nasa wasan, kowa ya tafa wa kowa, a raba kuɗin zama. Ranar da albashin farko ya shigo, har da buhun shinkafa, Alhaji zai gano cewa tun yaron yana goye yake da baiwa, kuma ta wajen uba ya gado ta.

Sai dai sunan sana'ar bai samu shiga gida ba har yanzu. Da aka je neman aure, waliyyin yarinya ya tambayi abin da yaron ya karanta. Alhaji ya gyara babbar riga, ya kalle shi ido cikin ido, ya ce sadarwa. Kwalin na nan ƙarƙashin katifa.