Zan Yi Addu'a a Kai

Mai son ganin al'ajibi a majami'unmu na Arewa kada ya jira taron farkawa, ya jira lokacin sanarwa. Minti goma da suka wuce ana kaɗa ganga da tulu da caki, jama'a na tsaye hannu sama, kowa na yi wa Ubangiji alkawarin duk inda ya aike shi zai je, ko bangon duniya ne. Sai magatakarda ya hau, ya gyara tabarau, ya ce ana neman mutum biyu su riƙa koyar da yara a makarantar Lahadi, da wasu huɗu su raka mai bishara ƙauye ranar Asabar. Nan take masu gani su makance, masu ji su kurmance.

Dattijon da ke gaba zai buɗe Littafi Mai Tsarki, ya faɗa kan Littafin Firistoci, ya duƙufa yana nazarin dokokin kuturta, har da gyaɗa kai. Wata baiwar Allah ta kwance ɗankwalin da yake zaune daram ta sake ɗaurawa, don dai hannu ya sami aikin yi ban da ɗagawa. Saurayi ya kara a kunne wayar da ba ta yi ƙara ba, ya fice a sunkuye yana cewa ba ya ji sosai. Mai goyo ce ta fi kowa sa'a: ɗan mintsini kaɗan a cinyar jariri, ya callara ƙara, ta tashi da shi, jama'a har suna buɗe mata hanya suna yi mata sannu.

Wanda tsautsayi ya sa fasto ya tare shi a bakin ƙofa, shi ma bai rasa mafita ba.

"Ɗan'uwa, na ga Allah ya ba ka baiwar koyarwa. Ko za ka riƙe mana ajin yara?"

"Kai, Baba Fasto, wannan magana babba ce. Bari in je in yi addu'a a kai."

Shi ke nan, an kashe bakin tsanya. Fasto zai ce kada a yi addu'a ne? Shi da kansa ya yi wa'azin haka makon jiya. Ɗan Arewa dama ba ya duban tsabar idon babba ya ce a'a. A kasuwa sai ya ce zai zagayo, a gidan surukai ya ce zai yi shawara, mu kuwa a ikilisiya mun samo wadda ko rabaran ba shi da ikon bin diddiginta. Bayan wata uku a sake tuntuɓa, sai ya sassauta murya ya ce har yanzu bai sami salama a zuciyarsa ba. Yaran da aka ce ya koyar za su yi baftisma, su yi aure, su kawo nasu yaran ajin, salamar ba ta iso ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, layin sama ba kullum yake da cunkoso ba. A ce ana neman shugaban kwamitin gini, ko wakilin da zai je taro Jos da kuɗin mota da na masauki, kafin magatakarda ya rufe baki Ubangiji ya riga ya nuna wa mutum uku a mafarki tun daren Alhamis. Masu riƙe da sandar kiwon ma ba a bar su a baya ba. Takardar canjin wurin aiki in ta ce Abuja, muryar Allah ce tsantsa, Mama ta fara ɗaure kaya tun kafin Baba ya gama karantawa. In ta ce wani ƙauye da sai an haye rafi biyu, ga shi ba sabis, sai a shiga azumi don a bincika ko akwai hannun magabta a ciki.

Kada dai mu ɗauka mu muka ƙirƙiro sana'ar. Gado ce, kuma manya muka gada. Musa yana da shekara 80 lokacin da ya tsaya gaban Fir'auna, amma kafin ya kai can sai da ya jera uzuri har biyar a gaban kurmin da ke cin wuta. Ya ce shi wane ne. Ya ce in an tambaye shi sunan wanda ya aiko shi me zai ce. Ya ce ba za a yarda da shi ba. Ya ce bakinsa da nauyi. Da ya ga kowanne an ba shi amsa, sai ya fito fili ya roƙa a aiki wani. Wannan na biyar ɗin ne kaɗai na gaskiya, sauran huɗun ado ne, kuma ina girmama Musa da ya faɗe shi da bakinsa. Mu a na huɗu muke yada zango. Mutumin da zai yi awa biyu a teburin mai shayi yana fashin baƙi kan Arsenal da siyasar 2027, ba ya ko haɗiye yawu, a ce ya buɗe taro da addu'a, sai ya tuna shi ba mai yawan magana ba ne.

Yunusa kuwa ko gardama bai tsaya yi ba. An ce Nineba, ya gangara Yafa, ya sami jirgin Tarshish, ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa. A lura da wannan: da kuɗinsa ya gudu. Na yau da zai gudu, sai ya fara rubuta wa ikilisiya takardar neman gudummawa, ya ce Ubangiji ya ɗora masa nawayar mutanen Tarshish, musamman da yake an ce can ana biyan albashi da fam. Kullum nawayar nan Ingila da Kanada take nufa. Rayukan da ke bayan Ningi ko Zuru sai su ƙara haƙuri.

Na fi jin daɗin labarin rundunar Gidiyon. Mutum 32,000 suka fito yaƙi da Madayanawa, aka yi shela cewa duk mai jin tsoro ya koma gida, 22,000 suka juya. Ba wanda ya ce ƙafarsa ke ciwo, ba wanda ya ce surukarsa ce ba lafiya. An ce matsorata su tafi, suka amsa sunansu suka kama hanya. Da a yau ne, duk 32,000 ɗin za su tsaya a yi hoto da su, a raba riguna masu tambari, ranar yaƙi kuma kowa ya turo saƙo a WhatsApp cewa yana tare da su cikin ruhu.

Akwai kuma uzurin da ake ajiyewa a gida, mai baki biyu. Ka tambayi matar, ta ce ita a shirye take, maigida ne bai ba da izini ba. Ka tare maigidan, ya ce shi ba shi da matsala, Maman yara ce jikinta ba ya son wahala. Kowannensu ya mai da ɗan'uwansa garkuwa, kuma wannan ne abu guda da ba su taɓa yin saɓani a kansa ba tun ranar ɗaurin aure. A misalin babban biki da ke Luka sura 14, mai sabuwar gona da mai shanun noma sun nemi a yi musu uzuri, ango kuwa ko haƙuri bai bayar ba. Ya san ba mai ja da amarya.

A nan zan ɗan ajiye raha, domin akwai tsoron da ba na wasa ba. Wanda ya bi hanyar Birnin Gwari, ko ya kwana a ƙauyen da ake kasa kunne ga ƙarar babura, ba ya bukatar a koya masa ma'anar fargaba. A 2014 hedikwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi kanta sai da aka bar ta saboda rashin tsaro, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, majami'u da yawa suka ƙone. Ba ni da bakin yi wa kowa a cikinsu dariya. Sai dai ga abin da na lura: waɗanda suke da dalilin tsoro na gaske, galibi su ne suka koma, suka share toka, suka yi sujada a gindin bishiya. Mai bisharar da ke tura tsohon babur cikin taɓo, alawus ɗinsa bai kai kuɗin buhun masara ba, ba ka cika jin yana lacca kan rashin tsaro ba. Laccar tana bakin wanda aka ce ya je gaida mara lafiya a asibitin da ke bayan layinsu. Shi ne zai ce maka ƙasar nan ba a yawo barkatai, sannan da yamma ka gan shi ya ƙetare gari ya tafi kallon ƙwallo.

Muna son ba da labarin samarin nan uku da suka sauka Legas a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa, ciwo ya sake kora shi, sai a yunƙuri na uku aka kafa tashar mishan a Patigi a 1902, aikin da daga baya ya haifi ikilisiyar ECWA. Mai wa'azi zai faɗi wannan da rawar murya, mu amsa da "kai!" da "Allah sarki!", mu share ƙwalla a ƙarƙashin fanka. Ana tashi, in an ga hadari ya haɗo ta gabas, addu'ar ranar Laraba ta mutu ke nan. Ruwan da bai hana kowa zuwa cin kasuwa ba, shi ne ke tare hanyar majami'a.

To wa ke yin aikin? Zumuntar Mata. Su ne ba a ba su lokacin yin addu'a a kai ba. An yi haihuwa, suna can. An yi rasuwa, sun riga kowa ɗora tukunya. Gwauruwar da ke sayar da ƙosai ita ke share majami'a ranar Asabar, ita ke riƙe da ajin yaran nan da mai digiri biyu yake jiran salama a kansa, ba ta kuma taɓa tsayawa bincika ko baiwarta ce ba.

Shi kuwa ɗan'uwanmu yana da tsari. Yana makaranta ya ce sai ya gama. Ya gama, sai ya dawo daga bautar ƙasa. Ya dawo, sai ya sami aiki. Aiki ya samu, sai ya yi aure, don mai hidima ba mata jaraba ce. Ya yi aure, sai yara sun tasa. Yara sun tasa, sai ya kammala ginin da ya tsaya a linta. Daga nan ya ɗaga maganar gaba ɗaya zuwa ritaya: da zarar ya cika shekara 35 a aikin gwamnati, zai miƙa wa Ubangiji ragowar ransa dungurungum. Ritaya ta zo da ciwon gwiwa, da hawan jini, da sintirin bin kuɗin fansho, sai ya koma cewa ai aikin nan na matasa ne, su sun yi nasu.

Ranar jana'izarsa babban ɗansa zai karanta tarihinsa, ya ce Baba mutum ne mai kishin bishara, wanda tun yana saurayi yake da burin fita aikin mishan. Jama'a su gyaɗa kai. Bayan an rufe addu'a, magatakarda ya ce ana neman samari shida su mayar da kujerun haya, sai ka ga jikokin marigayi sun kara wayoyi a kunne suna neman inda sabis ya fi ƙarfi.